Mata Arba'in da Uku a Ɗigo Ɗaya

Ina da shekara bakwai na fara jin sunan, kuma a bakin faɗa na ji shi. Wani baƙo ya zo wurin Baba, na tsare shi a ƙofar falo ina tambayarsa daga ina yake, me ya sa ya baro can, wa ya bari a gida, yaushe zai koma. Baba ya dafe kai ya ce, "Wannan yarinya Rikoda ce sak."

Na ce, "Baba, wace ce Rikoda?"

Ya dubi baƙon ya ce, "Ka ji ko? Ga wata kuma."

Ashe Goggo ce, ƙanwar Baba, wadda takan faɗo mana sau biyu ko uku a shekara da jaka a kafaɗa da takalmi mai ƙura. Abokan aikinta ne suka laƙa mata sunan saboda 'yar rikodar da ba ta rabo da ita, dangi kuma suka ɗauka, don ko babu na'urar ba a faɗar magana a gabanta ta manta. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu da wuri, ba ta haihu ba. Ni ce ta ɗauka 'yarta, tana kirana Sakatariya tun kafin in iya riƙe biro da kyau.

Aikinta shiga gida-gida ne da tambayoyi. Shekara goma sha tara ta yi wa cibiyoyin bincike wannan aiki, bakwai na ƙarshe a wata cibiya da ke nazarin sauyin yanayi da ƙaura, da yadda abin yake faɗa wa mata daban da maza. Ba ta da digiri. Masu digiri suna zaune a ofis mai sanyi suna tsara tambayoyin, ita ke ɗaukar su ta kai inda mutane suke. Takan ce, "Su ne kai, mu ne ƙafa. Amma ban taɓa ganin kan da ya je ko'ina shi kaɗai ba."

Ina aji biyar a sakandare aka fara binciken da ya ci ta. A bayan garinmu akwai wata sabuwar unguwa ta ɗakunan kwano, inda mutanen da fari ya kora daga gonakinsu suka taru, tare da waɗanda ambaliya ta cinye wa gidaje. Yawancin mazan sun wuce manyan birane neman aiki, sun bar mata da yara da tsofaffi. Cibiyar tana son ta san yadda matan suke rayuwa. Shugaban binciken wani ne da kowa ke kira Dakta, dogo, mai taushin murya, mai son takalmi mai ƙyalli. Ya raba gidajen ga ma'aikata shida, Goggo ta samu arba'in da uku. An ba kowa kwamfutar hannu mai ɗauke da tambayoyin. Abin da Goggo ba ta ba muhimmanci ba shi ne, duk inda aka buɗe hira, na'urar tana ɗiga wurin a taswira.

Makon farko ta bi ƙa'ida. Ta yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma, uwar miji ta zauna a gefe, wani lokaci ƙanen miji ya tsaya a bakin ƙofa yana sakace haƙori. Ta tambayi matar gida ko maigida yana aiko da saƙo. Yana aikowa. Yaushe ya kira? Jiya ma. Wa ke yanke shawara a gidan? Shi mana. Gida bakwai, amsa ɗaya, kamar sun yi hadda tare.

Ta biyo gidanmu ta ce mini, "Sakatariya, matar da mijinta ya kira jiya ba ta kallon ƙasa idan tana faɗa."

Sai ta lura da famfo. Unguwar duka famfo ɗaya gare ta, yana kawo ruwa daga hantsi zuwa azahar, kuma namiji ba ya tsayawa a wurin. Mata kan jera jarkoki su zauna jira awa biyu, awa uku. Akwai wata dattijuwa mai faɗin kafaɗa da ke tsara wa zai ɗiba bayan wa, ana kiranta Uwar Layi, ba mai tsallake maganarta. Goggo ta sayi jarka, ta shiga layi. Kwana huɗu ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. A na biyar Uwar Layi ta ce, "Ke mai jaka, ruwan garinku ya ƙare ne, ko mu kika zo ɗiba?"

Goggo ta ce, "Ku na zo ɗiba, in kun yarda."

A nan bakuna suka buɗe. Ɗaya bayan ɗaya, har da bakwai ɗin farko da ta soke ta sake, a gefen magudana, cikin ƙarar bokitai da ruwa yadda ta kusa ma ba ta ji sosai. Cikin gidaje arba'in da uku, ashirin da tara ba su ji ɗuriyar mazajensu ba sama da shekara biyu. Matan ne ke ci da gidajen, da wankau da dako da aikin gonar wasu. Amma katin tallafin iri da na abinci da sunan maigida ake bayarwa, sai shi da kansa zai karɓa, don haka rabon gidajen nan yana komawa sito ko hannun dangin miji. A cikin gida ba za su faɗa ba. Matar da ta ce miji ya guje ta a gaban uwarsa, gobe za ta ji ana maganar wa zai karɓi ɗakin, wa zai ɗauki yaran.

Ni na rubuta waɗannan hirarrakin. Hutu muke yi, idon Goggo ya fara rauni, sai ta kunna rikodar ni kuma in bi da biro, ta ba kowace mace lamba a maimakon suna. Har yau ina iya jin muryar lamba goma sha ɗaya tana cewa, "Ruwa ya ci gidana a rana ɗaya, shi kuma birni ya ci mijina a hankali."

Ta gaya wa Dakta abin da take yi. Wannan na tabbata, don a ranar ta biyo ta ba ni labari. A baranda ta tare shi yana waya, ta ce hirar cikin gida ba ta fitar da gaskiya, za ta koma yi a famfo. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya ce, "Yi yadda kika ga ya dace, Malama, ai ke ce uwa a wannan aiki." Laifinta ɗaya, ba ta sa ya rubuta ba. Ta saba da zamanin da maganar baki take magana.

Da aka kammala, masu ba da tallafin binciken suka turo mai duba aiki. Ya buɗe taswira. Aikin kowane ma'aikaci ya watsu kamar an zubar da tsaba, ɗigo a nan, ɗigo a can, gida-gida. Na Goggo ɗigo ɗaya ne ƙato, hira arba'in da uku a kan juna. A wannan sana'a kowa ya san ma'anar haka. Akwai malalatan da kan sami inuwa su zauna su cika amsoshi daga kansu, ana ce musu 'yan gindin bishiya. Ba zagin da ya fi wannan a wurinsu.

Aka tara ma'aikata a ɗakin taro, aka haska taswirar a bango. Goggo ta miƙe za ta yi bayani, ta dubi Dakta tana jiran ya ce da saninsa aka yi. Ya gyara tabarau, ya yi murmushi, ya ce, "Malama, inuwar bishiyar tana da sanyi kuwa?"

Aka yi dariya. Yaran da ita ta koya wa yadda ake sallama a ƙofar mutane, har da su.

Ta ce, "Dakta, babu bishiya a wurin. Famfo ne. Na gaya maka a baranda."

Ya ce, "Ban tuna ba."

Ta ce a saurari rikodar. Mai duba aiki ya ce murya kowa yana iya ɗauka a ko'ina, ƙa'ida ta ce a gida, taswira kuma ba ta ƙarya. Dakta ya ga in ya ce ya sani, shi za a tuhuma da karya ƙa'ida a gaban masu tallafi. Ya zaɓi kujerarsa. Kafin la'asar an miƙa mata takardar kora mai layi biyar, a ciki an rubuta cewa ta ƙirƙiri bayanai. Cibiyoyin nan suna tambayar juna kafin su ɗauki mutum. Daga ranar ba wadda ta sake kiranta.

Ta tattara kayanta ta dawo gidanmu, ɗakina muka raba. Baba ya karanta takardar sau biyu ya ce, "Ki yi haƙuri, kowa yana kuskure."

Ta ce, "Yaya, wane kuskure?"

Ya ce, "A'a, ni dai cewa na yi ki yi haƙuri."

Ba ta ƙara tayar masa da maganar ba, amma na ga abin da kalmar ta yi mata. Dangi ma suka ɗauka. In yaro ya yi ƙarya a gidan kawunmu sai a ce, "Kai, sauko daga gindin bishiya," a yi dariya, a ce wasa ne. Goggo ta sami aiki a shagon wanki da guga a bakin titi, ita ke karɓar kaya ta rubuta lamba a 'yar takarda ta maƙala a wuyan riga. Matar da ta ɗauki maganar mutane fiye da dubu. Na taɓa zuwa na tarar tana tambayar wani mai kawo wanki me ya kawo shi garin, sai ta katse kanta a tsakiya ta ce, "Riga uku, wando biyu. Jibi."

Ni kuma da na gama sakandare na shiga aiki a shagon buga takardu da ɗaurin littafi, tsallaken titi da ƙofar cibiyar. Ba zan ɓoye ba, da gangan na nemi wurin. Ban san abin da nake jira ba, na dai san ina son in riƙa ganin motar Dakta tana shiga tana fita don kada zuciyata ta huce.

Shekara biyu bayan korar, masinjan cibiyar ya kawo rahoto a ɗaure kwafi hamsin, ya ce na gaggawa ne, an ba Dakta lambar yabo a kansa a ƙasar waje. Ina jera shafuka idona ya faɗa kan babi na uku. Turancina na sakandare ne amma ya isa. Kan babin yana cewa sabuwar hanyar jin muryar mata, hira a wurin ɗiban ruwa. Dakta ya bayyana yadda ya lura cewa mata ba sa sakin jiki a gaban dangin miji, yadda ya yi tunani ya gano famfo. Ga ashirin da tara cikin arba'in da uku. Ga maganar lamba goma sha ɗaya an sa ta a tsakiyar shafi da manyan haruffa. Har ya rubuta cewa in ka saurari hirarrakin za ka ji ƙarar bokitai a baya, abin da ya ce ya taɓa masa zuciya.

Wato ya saurara. Ya san gaskiya ce, ya sani tun tuni, ya bar takardar nan mai layi biyar a kanta. Na duba shafin godiya. Ya gode wa direbobi. Ya gode wa matarsa.

Na ɗaure kwafi hamsin da ɗaya.

Goggo ta karanta a tsakar gida da tabarau a kan hanci, ba ta tsallake layi ba. Da ta gama ta rufe ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Ta miƙa wa Baba. Ya karanta babin, ya ce, "Ashe haka ne."

Ta ce, "Da yaya ka zata, Yaya?"

Ya mayar mata da rahoton. Ya ce a bar wa Allah. Ita ma ta ce ba ta da ƙarfin shari'a da masu manyan riguna. Ni kuwa ban bar wa kowa ba.

Daga bakin masinjan na ji cewa an ba cibiyar sabon tallafi mai girma, za a koma wurin matan nan arba'in da uku a ga yadda suka kasance bayan ambaliyar bara, kuma wata babbar jami'a daga masu tallafin za ta zo ta ga sabuwar hanyar Dakta da idonta. Ranar hutuna na ɗauki takardar kora da rahoton, na hau mota zuwa bayan gari. Ban gaya wa Goggo ba.

Na sami Uwar Layi a kan wata jarka da ta kifa ta zauna. Na ce ni 'yar mai jaka ce. Ta ce, "Ina ta shige? Ta ɗebe mu ta tafi ko waiwaye babu." Na ce matan layin su ba ni kunnensu. Na karanta takardar korar, na fassara kalma bayan kalma. Sannan na karanta babi na uku.

Wata mai goyo ta ce, "Tsaya. Wato cewa suka yi ba ta gan mu ba?"

Na ce, "Cewa suka yi daga kanta ta ƙago ku."

"Mu ɗin?"

"Ku ɗin."

Wata ta ce, "To shi wannan mai rubutun, yaushe ya zo nan? Ni ban taɓa ganin namiji a layin nan ba sai mai gyaran famfo, shi ma a guje yake tafiya."

Uwar Layi ba ta yi dariya ba. Ta tofar da tsinken bakinta ta ce, "Na ba matar nan abin da ban ba uwata ba. Tunda an ce babu mu, to babu mu. Kowa ta ji?"

Suka ce sun ji.

Bayan wata ɗaya sababbin ma'aikata suka zo, 'yan mata masu digiri, da jarkoki sababbi fil da cibiyar ta saya musu, don rahoton ya ce a zo da jarka. Suka shiga layi suka fara tambaya. Maigida yana aiko da saƙo? Yana aikowa. Yaushe ya kira? Jiya ma. Wa ke yanke shawara? Shi mana. Mace arba'in da uku, ba wadda ta kauce ko da harafi. Suka canza ma'aikata, suka canza rana, suka zo da sabulu kyauta. Aka karɓi sabulun, aka ce maigida ya kira jiya. Masinja ya ce mini Dakta ya daina cin abincin rana. Idan hanyar ba ta yi aiki a gaban baƙuwar ba, tambaya za ta koma kan rahoton farko da lambar yabon. Ranar nan na yi aiki ina waƙa.

Da Goggo ta gano, ba ta yaba mini ba. Ta rufe ƙofar ɗaki ta ce, "Ke kika je?"

Na ce, "Ni ce."

"Kin san kwana nawa na yi kafin bakin nan ya buɗe? Kin je kin rufe shi da rana ɗaya. Katin nan har yanzu da sunan mazan yake. In suka yi shiru wa zai canza shi?"

Na ce, "Goggo, shekara biyu bayanan nan suna hannunsa, ya canza katin?"

Ta jawo kayan wanki. Can ta ce, "Bakinki ya fi nawa kaifi, Sakatariya. Ban ce kin yi daidai ba." Amma da ta juya tana ninke kaya na ga gefen bakinta yana motsi.

Saura kwana tara baƙuwar ta iso, motar Dakta ta tsaya a ƙofar gidanmu da safe. Baba ya shigar da shi falo. Dakta ya gaida Goggo har da rusunawa, ya ce, "Malama, an kwana biyu. Kin ga yadda aiki yake raba mutane."

Ta ce, "Takarda ce ta raba mu, Dakta. Layi biyar."

Ya ce abin da ya wuce ya wuce, rashin fahimta ne, yanzu ga dama ta dawo, har da ƙarin matsayi. Abin da ake so kawai ta je ta yi wa matan magana.

Ta ce, "Waɗanne mata? Ai ni na ƙago su."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta nuna ni ta ce, "Yi magana da Sakatariyata. Ni yanzu ban san komai ba sai riga da wando."

Na riga na buga takardar a shago tun mako biyu, tana cikin littafina. Takardar ta ce Goggo ba ta ƙirƙiri komai ba. Ta ce ta sanar da shi kafin ta koma famfo kuma ya amince. Ta ce hanyar da ke babi na uku tata ce. Sharaɗin shi ne ya sa hannu, a buga hatimin cibiyar, a aika wa duk cibiyoyin da aka gaya wa akasin haka, a sa sunanta a rahoton. Sannan ya je famfo ya karanta da bakinsa.

Na miƙa masa, ya karanta, ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "'Yata, ba a rubuta takardar ofis haka. Bari mu ce an sami rashin fahimta daga ɓangarorin biyu."

Na ce, "Wane ɓangare ne bai fahimta ba, ranka ya daɗe?"

Ya juya wurin Baba ya ce, "Ka yi mata magana mana, yarinya ce."

Na zata Baba zai ce in yi haƙuri. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ni na taɓa yin magana a kan wannan al'amari, ban faɗi daidai ba. Yau ba ni da baki."

Dakta ya tafi bai sa hannu ba. Ya aiko da tasa takardar washegari, mai cewa cibiyar tana nadamar duk wani ɓacin rai. Na mayar wa masinja ita a cikin ambulan ɗinta. Ya aiko wata irin tawa, an cire maganar baranda. Na mayar. Kwana biyar muna haka. A na shida ya sa hannu a tawa, bai canza ko waƙafi ba.

Ranar da ya zo famfo an yi ruwa da asuba, wurin ya caɓe. Ya fito daga mota yana ɗaga ƙafa kamar zakara a kan garwashi, takalmin nan ya nutse har idon sawu. Mata sun fi ɗari, har waɗanda ba sa cikin binciken. Goggo tana tsaye a gefe da tsohuwar jakarta. Ya buɗe takardar zai fara, Uwar Layi ta ɗaga hannu.

"Bawan Allah, nan layi ake bi."

Ya ce, "Ba ruwa na zo ɗiba ba, Inna."

"Ko me ka zo yi. Ga ƙarshen layi can."

Ya tsaya a bayan jarka ta ƙarshe. Minti arba'in na ƙirga a agogon wayata, rana tana dukan ƙeyarsa, mata suna wuce shi da ruwa a ka suna cewa, "Sannu da jira, mai bincike." Wata ta tambaye shi ko matarsa ta kira jiya. Da layi ya zo kansa ya karanta da 'yar murya, da sauri.

Uwar Layi ta ce, "Ruwa yana ƙara, ba mu ji ba."

Ya sake. Ta ce na baya ba su ji ba. Aka rufe famfon, wurin ya yi tsit, ya karanta karo na uku, kowace kalma ta fita. Da ya kai inda aka ce ta sanar da ni kuma na amince, ya yi tari ya maimaita. Na kalli Goggo. Ba ta kallonsa. Matan take kallo ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi, na gane lambobinsu take tunawa.

Ba ta koma aiki a ƙarƙashinsa ba. A ranar ta zauna a bakin magudana ta ce wa matan su yi magana da 'yan matan cibiyar, don katin, ba don shi ba. Suka yi. An ce daga baya an fara karɓar sunan mace a katin a wasu unguwanni, ban san ko rahoton ne ya jawo ba, ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Sunanta ya fito a bugu na biyu, a ƙasan shafi, da haruffan da sai an matso da ido. Wata cibiya ta kira ta ta koyar da sababbin ma'aikata, ta yi zango biyu tana dawowa da fara'a, sannan ciwon ƙoda ya kwantar da ita. A gidan kawunmu an daina wasan gindin bishiya, ba wanda ya ba da haƙuri, an dai daina. Shi kuwa Dakta ba abin da ya same shi. Baƙuwar ta zo ta ga hanya tana aiki ta yaba. Yanzu Farfesa ake ce masa.

Goggo ta rasu shekara ɗaya da rabi bayan ranar famfo. Dakta ya zo gaisuwa a kwana na biyu, da sabon takalmi. Da zai tafi ya sa aka kira ni ƙofar gida, ga Baba, ga kawunnaina, ga maƙwabta a zaune. Ya sassauta murya ya ce, "'Yata, ke kika yi jinyarta. Na san mun sami saɓani, amma mace ce mai zuciya. Ta yafe mini ko?"

Kowa ya zuba mini ido. Kawu ya ce, "Ai ta yafe, ta yafe. Faɗa masa mana." Kalma biyu ce, da na faɗa da kowa ya ji daɗi. Na tsaya ina kallonsa har ya gaji ya sunkuyar da kai, ya shiga motarsa. An yi mini faɗa a ranar, an ce na yi rashin kunya a gidan makoki, har yau akwai waɗanda ba su huce ba. Ban yi musu bayani ba sai yanzu.

Wata rana a asibiti, muna jiran a kira ta wankin ƙoda, ta kamo hannuna ta ce, "Sakatariya, zan roƙe ki abu ɗaya. Idan na tafi za su zo su ce ki ce na yafe, don su tashi da sauƙi. Ko na yafe ko ban yafe ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne, ban gaya wa kowa ba, ke ma ba zan gaya miki ba. An taɓa cewa na sa wa mutane magana a baki, kin ga abin da ya yi mini. Don Allah kada ki sa mini wadda ban faɗa ba."